Yadda za ka tabbatar amsar ekwasiyonka ba ta faɗa ƙasan sifiri ba

Wannan na ƙannenmu ne 'yan lisans da masta na sashen lissafi a FAST, fakulte ɗin kimiyya da fasaha ta jami'ar Yamai, can Harobanda, da ma duk wanda anka ɗora ma memuwar mai ekwasiyo lineyer a ciki, ko ta zafi ce ko ta ruwa ko ta tattalin arziki. Tambaya guda ce ke ta dawowa da sabuwar riga: an ba ka Lu = f, u ita ce amsar da ake nema, L kuma operater lineyer da ke aiki a kanta, an ce maka f ba ta sauka ƙasan sifiri, to ita u fa? Da yawa sai su rubuta "tunda f pozitif ce to u ma pozitif ce" su wuce abinsu, kuma wallahi sau da yawa ƙarya ce tsagwaronta. Duba wannan, u(x) = 2u(x/2) + 1 a kan [0 ; 1]. Babu alamar ragi ko ɗaya a ciki, amma sa x = 0 kawai ka gani: u(0) = 2u(0) + 1, kenan u(0) = −1. Duk amsar da za ka samo dole daga ƙasan sifiri ta fara. To in f kaɗai ba ta isa ba mi ke isa? Abu biyu ne, alamomin da ke cikin ekwasiyon, sai wata fonksiyo guda v da kai za ka nemo da kanka, wadda zan riƙa ce ma shaida. Na farkon dubawa ce kawai, aikin duka yana ga na biyun.

Mataki na farko: duba alamomi

Sake rubuta ekwasiyon ta koma u = Ku + f, sannan ka yi ma K tambaya ɗaya: in anka ba shi fonksiyon da ba ta ƙasan sifiri, abin da zai maido zai iya zama negatif? In ba zai iya ba, to K pozitif ne. In K ɗinka shi ne a(x)u(g(x)), abin da ake buƙata a(x) ≥ 0, kuma g kar ta fitar da x waje da tazarar da kake aiki a kai. In entegiral ne, wato ∫k(x,s)u(s)ds, sai k(x,s) ≥ 0. In kuma matiris ce Au = f, to diyagonal ta zama pozitif, duk abin da ba diyagonal ba ya zama sifiri ko negatif, sai ka raba kowane layi da lambar diyagonal ɗinsa ka tsallakar da saura ɗaya gefen, K ya fito da kansa. Irin waɗannan matiris ɗin, in har enbas ɗinsu (A⁻¹) ma ba ta da lamba negatif, su ne Ostrowski ya sa ma suna M-matiris a 1937.

Abin da za ka riƙe daga nan shi ne tunda K lineyer ne kuma pozitif, in u ≥ w to Ku ≥ Kw. Da wannan kaɗai za mu yi aiki. Kuma ka lura misalin can na sama ya ci wannan matakin lafiya lau, 2u(x/2) pozitif ne, duk da haka amsa ta fito negatif, dan haka kar ka tsaya nan.

Mataki na biyu: nemo shaida

Ga abin da kake nema: fonksiyo v wadda take sama da sifiri ko'ina, har bakin tazarar, ba mai lallaɓawa tana kusantar sifiri ba, da wata lamba q ƙasa da 1, yadda Kv ≤ qv. In ka samu wannan, magana ta ƙare, kowace amsa u mai iyaka tana ≥ 0 muddin f ≥ 0. Hujjar gajera ce, ka haddace ta dan ita ce za ka yi ta maimaitawa.

Ka kira m mafi ƙanƙantar darajar u/v. A ce m ta fito negatif. Ko'ina u ≥ mv, dan haka Ku ≥ mKv. Yanzu a kula, m negatif ce, in ka ninka Kv ≤ qv da ita alamar juyawa take, sai ya zama mKv ≥ mqv. Kenan u = Ku + f ≥ mqv, wato u/v ≥ mq ko'ina, wato ita kanta m ≥ mq, ka raba da m alamar ta sake juyawa ka samu 1 ≤ q. Alhali mun ce q ƙasa da 1 take. To m ba negatif ba ce. Shi kenan. Inda ake zubar da maki a egzame shi ne wurin juya alamar nan, ka rubuta a fili cewa dan m negatif ce ka juya, kar ka bari mai gyara ya yi zaton sa'a ka ci.

Kalmar "mai iyaka" da na sa ba ado ba ce. Ɗauki u(x) = ½u(x/2) a kan ]0 ; 1], f sifiri, v = 1, q = ½, komai daidai. Amma u(x) = −1/x amsa ce, gwada ka gani: rabin −2/x shi ne −1/x. Negatif ce ko'ina. Mi ya faru? Tana gangarawa ba iyaka kusa da sifiri, m ba lamba ba ce, hujjar ba ta da wurin tsayawa. Dan haka tun layin farko ka faɗi ajin da kake neman amsa a ciki, misali fonksiyoyi kontini a kan tazara rufaffiya.

Shaidar nan ba pozitibite kaɗai take ba ka ba, akwai gyara a kai. In ka yi irin wannan lissafin da mafi girman darajar u/v, za ka samu cewa ba ta wuce mafi girman f/v a raba da 1 − q ba, wannan shi ne ainihin abin da ake kira ƙa'idar maksimom a nan. Amsa guda ce tak, dan in biyu ne bambancinsu da kishiyarsa duka suna warware ekwasiyon da f = 0, duka ≥ 0, kenan sifiri. Kuma amsar tana nan, ita ce jerin Neumann, f + Kf + K²f + … wanda kowane yanki nasa ba ya ƙasan sifiri kuma yana raguwa kamar q, q², q³. Gwada da u(x) = ½u(x/2) + x. K yana maida x ta koma x/4, jerin ya zama x + x/4 + x/16 + … = 4x/3. Iyakar da shaida v = 1 ta ba ka ita ce 1 a raba da ½, wato 2, gaskiyar kuma 4/3, ba ta matse sosai ba amma ba ta yi ƙarya ba.

'Yan tattalin arziki sun san wannan da wani suna, modal ɗin Leontief, wanda ya ci Nobel a 1973. x = Ax + d, d abin da jama'a ke buƙata, A abin da kowane sashe ke ci daga ɗan uwansa kafin ya samar da nasa. Ga lambobi na ƙirƙira dan gwaji: layin farko 0,2 da 0,3, layi na biyu 0,4 da 0,1. Ɗauki v = (1 ; 1), Av = (0,5 ; 0,5), q = 0,5, ka gama tun kafin ka taɓa enbas. In d = (60 ; 30) amsa (105 ; 80) ce, ka sa ka duba. Wato duk buƙatar da anka kawo ba za a ce ma wani sashe ya samar da kaya negatif ba.

Mataki na uku: in v = 1 ta ƙi

Kullum da v = 1 ake farawa dan ita ce mafi arha, a matiris jimlar layi ce kawai. Amma in ta ƙi, ba shi ke nuna ƙa'idar ta faɗi ba, kai ne ba ka samu shaidar da ta dace ba tukuna. Nan ne nake ganin ana saurin karaya.

Ɗauki u(x) = λ∫x·s·u(s)ds + f(x), entegiral daga 0 zuwa 1. Da v = 1, Kv = λx/2, kenan sai λ ta kasa 2. To λ = 2,5 fa? Duba K da kyau, duk abin da ka ba shi wata lamba sau x yake maidowa, to gwada v = x mana: Kv = λx/3. Kenan iyakar gaske 3 ce ba 2 ba. Matsala ɗaya, x tana taɓa sifiri a bakin hagu, sai ka ɗan ɗaga ta, v = x + ε, ka samu Kv = λx(1/3 + ε/2), in λ ta kasa 3 za ka iya zaɓar ε ƙarama yadda λ(1/3 + ε/2) ta kasa 1. Kuma 3 ɗin katanga ce ta gaske: da f = x amsa ita ce 3x/(3 − λ), a λ = 2,5 ka samu 6x, a λ = 4 ka samu −3x.

Abin da ya faru nan ba sa'a ba ce. Shaida mafi kyau ita ce bektar propir ta K mai pozitif, wato v da K ke maidowa ninkin kanta da wata lamba (baler propir), q mafi ƙanƙanta kuma shi ne reyon spektiral, wato girman baler propir mafi girma. Perron ya nuna akwai irin wannan bektar a 1907 ga matiris da duk lambobinta pozitif ne, Frobenius ya faɗaɗa a 1912 ga masu sifiri a ciki, Krein da Rutman sunka kai abin ga operater kompak a 1948. Ga matiris K mara lamba negatif maganar a yanke take: I − K tana da enbas mara lamba negatif in reyon ɗin ya kasa 1, kuma sai in ya kasa 1. Amma fa ba sai ka lissafa bektar propir ba, ai wani lokacin ta fi ekwasiyon asali wahala, duk wata v da ta yi kama da ita ta wadatar.

Ga dabara da na fi so in matiris ce kuma alamomi sun ci matakin farko: warware Av = (1 ; 1 ; … ; 1) sau ɗaya. In v ta fito pozitif a kowane gurbi, ita ce shaidarka, ka tabbatar da abin ga duk wata f da za a kawo. Gwada da matiris 3 sau 3 mai 2 a diyagonal da −1 a maƙwabta. v = (1 ; 1 ; 1) tana ba da Kv = (½ ; 1 ; ½), q = 1, ta ƙi saboda layin tsakiya. Amma v = (3 ; 4 ; 3) tana ba da Av = (2 ; 2 ; 2), Kv = (2 ; 3 ; 2), q = ¾. Reyon na gaske kusan 0,707 ne. In ka juya matiris ɗin za ka ga kwata sau layuka (3, 2, 1), (2, 4, 2), (1, 2, 3), duka pozitif. Kuma 3, 4, 3 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, x(1 − x) ce a ¼, ½, ¾ an ninka da 16.

Mataki na huɗu: in akwai deribe a ciki

Yanzu Lu = −u'' + b(x)u' + c(x)u = f a kan [0 ; 1], an ba ka u(0) ≥ 0 da u(1) ≥ 0, c ≥ 0, b mai iyaka. Ma'anar a zahiri, in u zafin rodin ƙarfe ne da ake hura ma wuta a tsakiya ba a sanyaya shi a ko'ina a ciki, to wurin da ya fi sanyi a ɗaya daga cikin bakunan yake, ba a ciki ba. Ka fara lura da alamar ragi a gaban u''. In malam ya rubuta u'' + … a tablo, ninka komai da −1 kafin ka duba alamar c da ta f, in ba haka ba duk abin da za ka faɗa a kife zai fito.

Fara da sauƙin, f sama da sifiri sosai. A ce u tana da minimom negatif, ba a baki yake ba tunda bakunan ≥ 0 ne, to a ciki yake a wani x₀. Can u' = 0, u'' ≥ 0, cu ≤ 0, kenan Lu ≤ 0, alhali f sama da sifiri take. An gama. In kuma f ≥ 0 ce kawai za ka tsinci kanka da 0 ≤ 0, wanda ba saɓani ba ne, kuma da yawa suna rufe ido su wuce. Maganin shaidar dai ce ta ɗazu cikin wata siffa: nemo v > 0 mai Lv > 0. Ɗauki v = M − e^(αx), α ta fi girman |b| ko'ina, M ta fi e^α. Lissafi ya ba da Lv = α(α − b)e^(αx) + cv, sama da sifiri. Sai ka yi hujjar sauƙin a kan u + εv, ka samu u + εv ≥ 0 ga kowace ε, ka tura ε zuwa sifiri.

Wannan ita ce ƙa'ida mai rauni, u ≥ 0. Mai ƙarfin tana cewa in u ta taɓa sifiri a ciki ko a wuri ɗaya, to sifiri ce gaba ɗaya, Eberhard Hopf ne ya tabbatar da ita ga ekwasiyo eliptik a 1927. In memuwar ɗinka za ka raba da u ko ka ɗauki log ɗinta, mai ƙarfin kake buƙata, ka ambace ta da sunanta. Ga −u'' kaɗai da bakuna sifiri ma kana iya gani da ido, fonksiyon Green ita ce x(1 − s) in x ≤ s, s(1 − x) in x ≥ s, pozitif a ciki, u kuma entegiral ce ta Green sau f.

Ɗan ratse: u'''' = f da u da u'' sifiri a bakuna biyu ba ta da siffar da munka yi magana, amma sa w = −u'' sai ta rabu biyu, −w'' = f da −u'' = w, ka yi ƙa'idar sau biyu. Haka murabba'in matiris ɗin can ta sama yana da +1 a kusurwa, ya karya dokar alamomi, amma enbas ɗinsa pozitif ce tunda murabba'in pozitif ce. Dan haka in alamomi sun ƙi, duba ko abin na rabuwa kafin ka jefar.

Mataki na biyar: c negatif

Nan ne abin ke da daɗi. Littattafan aji suna cewa c ≥ 0 sai ɗalibi ya ɗauka in c ta sauka ƙasan sifiri ko da kaɗan komai ya rushe. Ba haka ba ne, akwai sarari, kuma ana iya auna shi. Ɗauki −u'' − λu = f, u(0) = u(1) = 0. Gwada f = sin(πx), amsa ita ce sin(πx) a raba da π² − λ. π² kusan 9,87 ce. A λ = 5 amsa pozitif, a λ = 9 pozitif kuma ta kumbura, a λ = 12 ta kife gaba ɗaya negatif, ga f pozitif a ciki. Katangar π² ce, baler propir ta farko.

Yadda za ka tabbatar ga duk f in λ ta kasa π²: zaɓi μ ƙasa da π mai μ² sama da λ, ka ɗauki v = cos(μ(x − ½)). Tunda μ/2 bai kai π/2 ba, v pozitif ce har bakuna, kuma Lv = (μ² − λ)v > 0. Sai ka rubuta u = vw ka raba da v, ekwasiyon w za ta fito da −w'', da wani yanki mai w', da Lv/v a gaban w, wanda pozitif ne, ka koma mataki na huɗu. In c ba lamba tsayayya ba ce, ya isa ta kasance sama da −μ² ko'ina. In tsawon tazarar ℓ ne ba 1 ba, katangar π²/ℓ² ce, shi ya sa a gajeriyar tazara ƙa'idar ke tsira ko c ta yi negatif sosai. Kifewar can da munka gani ma tana da suna, Clément da Peletier sun nuna a 1979 cewa da f pozitif in λ ta ɗan tsallake baler ta farko amsa negatif take fitowa, suka kira abin kishiyar ƙa'idar maksimom.

Mataki na shida: ekwasiyo mai jinkiri

x'(t) + p·x(t − τ) = f(t). Ka ɗauka x ruwan da ke cikin shato ne, ana zuƙe shi gwargwadon yawan da anka auna τ da ya wuce ba na yanzu ba. In p negatif ce babu matsala, x' = |p|x(t − τ) + f, da tarihi mara negatif hawa kawai take. Rigimar tana ga p pozitif. Da babu jinkiri amsa e^(−pt) ce, ba ta taɓa sifiri har abada. Sa jinkiri ka gani: p = 1, τ = 1, f = 0, tarihi x = 1 daga −1 zuwa 0. A [0 ; 1] x' = −1, x = 1 − t, ta kai sifiri a t = 1, amma mai zuƙa yana kallon tsohon awo bai san ta ƙare ba, a [1 ; 2] x' = −(2 − t), x(2) = −½.

Nemo shaida mai siffar e^(−λt). In ka sa ta a ciki za ka samu p = λe^(−λτ), gefen dama yana kai ƙololuwa a λ = 1/τ inda darajarsa 1/(eτ). Kenan akwai λ ta gaske in pτ ≤ 1/e, kusan 0,368. In pτ ta wuce haka, duk amsoshin ekwasiyon mai f = 0 lilo suke tsakanin sama da ƙasan sifiri. Kar ka haɗa wannan da kwanciyar amsa, ita katangarta π/2 ce, tsakanin 0,368 da 1,57 amsa tana komawa sifiri amma tana tsallaka shi tana dawowa. p = 1 da τ = 0,3 ka tsira, τ = 0,5 ba ka tsira ba ko da yake stabil ce.

Sai tarkon da ke nan, wanda ba kowa ke faɗa maka ba. pτ ≤ 1/e tana ba ka x ≥ 0 ne in tarihin kafin t = 0 sifiri ne, x(0) ≥ 0, f ≥ 0. Tarihi pozitif ba taimako ba ne a nan, in ka tsallakar da shi gefen dama da alamar ragi yake shiga. p = 1, τ = 0,3, tarihi 10, sannan x(0) = 1: x' = −10, a t = 0,3 x ta kai −2. Dan haka sharaɗin da za ka duba a [0 ; τ] shi ne f(t) − p·φ(t − τ) ≥ 0, φ ita ce tarihin, ko kuma ka nuna x(0) tana da girman da za ta shanye wannan ragin.

Mataki na bakwai: in ka kai abin kwamfuta

Ekwasiyo na iya riƙe ƙa'idar a takarda, shemar da ka rubuta a Python ko Scilab ta karya ta. Wanda ke modal ɗin yaɗuwar datti a kogin Kwara daga gadar Kennedy zuwa ƙasa zai iya ganin yawan datti ya fito negatif a allo, ya yi zaton kuskuren buga kod ne, alhali kod ɗin daidai yake, matiris ɗin ce ta daina zama M-matiris.

Ɗauki −εu'' + bu' = f da b pozitif, taki h, bambanci na tsakiya. Lambar maƙwabcin dama ita ce −ε/h² + b/(2h). Dan ta zauna ≤ 0 sai hb/ε ≤ 2, lambar Péclet ta raga kenan. Da ε = 0,01 da b = 1 sai h ≤ 0,02, wato yanki 50 a ƙalla a kan [0 ; 1]. Sa h = 0,1 za ka ga amsa tana tsalle sama da ƙasa kamar haƙoran zarto kusa da bakin dama. Mafita biyu ce, ko ka rage h, ko ka ɗauki deribe ta farko daga inda ruwan ke fitowa, (u_i − u_(i−1))/h, wadda ke gyara alamomi ko wane irin h ne, sai dai tana ƙara yaɗuwa ta ƙarya mai girman bh/2 kuma daidaitonta na mataki ɗaya ne ba biyu ba. Ni dai in yawan wani abu nake lissafawa na fi son amsa mai ɗan laushi a kan amsa mai negatif, amma ka rubuta a memuwar cewa ka san farashin.

Ga ekwasiyon zafi da shema eksplisit, sabuwar daraja ita ce r·u_(i−1) + (1 − 2r)·u_i + r·u_(i+1), r = kΔt/h², k lambar yaɗuwar zafi, Δt takin lokaci. Jimlar lambobin 1 ce, in duka ba su ƙasan sifiri sabuwar darajar tana tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girman tsoffin, sharaɗin kenan r ≤ ½. In ka raba h biyu sai ka raba Δt huɗu. Shemar emplisit ta Euler ba ta da wannan takurar dan matiris ɗinta M-matiris ce ga kowane Δt, amma Crank-Nicolson ko da yake ba ta fashewa, gefenta na dama yana da 1 − r a tsakiya, dan haka hujjar alamomi tana aiki ne in r ≤ 1, in ka wuce sosai da bayanan farko masu tsini za ka iya ganin negatif. Kuma dan Allah kar ka sa layin da ke maida duk negatif sifiri ka ce ka gyara, jimlar dattin da ke cikin ruwan ce kake ƙarawa da hannunka. Kafin ka saki lissafi mai tsawo, musamman in wutar unguwarku ba ta da tabbas, sa kod ɗin ya fara duba abu biyu: mafi girman lambar da ba ta diyagonal ba ta wuce sifiri ko a'a, sannan ya warware Av = 1 ya buga maka mafi ƙanƙantar lamba a cikin v.